Ga katin inshora a hannu, amma likitan mata ya gagara

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Gyellesu. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Ina da ciki wata huɗu, na uku ke nan. A haihuwata ta biyu jinina ya hau har na yi jijjiga, aka yi mini aiki aka ciro yarinyar, yanzu shekararta biyu da rabi. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, muna da katin inshorar lafiya tun muna Kaduna, bara aka dawo da shi Zariya. Na je wani asibitin kuɗi suka ce ba sa karɓar katin. Na je wani babban asibiti, na wuni a layi, suka ce in koma in kawo takarda da lamba. Ni ban san wace takarda ba, ban san wace lamba ba. Har yau ban fara awo ba. Maigida ya ce mu bari sai wata bakwai, surukata ta ce ita tara ta haifa a ɗaki. Ina son likita mace wadda ta ƙware, wadda za ta karɓi katin nan. Ina zan same ta?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya sa ki sauka a sa'a.

Kafin in taɓa maganar kati, bari in fara da abin da ya hana ni sukuni tun da na karanta wasiƙarki. Mace mai tabon aiki a mahaifa, wadda ta taɓa jijjiga, tana wata huɗu ba a taɓa ɗaura mata abin awon jini a hannu ba. Wannan ya fi damuna fiye da duk wata takarda. Cikin makon nan nake so ki je a auna ki, ko da kuɗin aljihu ne, ko a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku ne. A gwada hawan jini, a gwada fitsari, a duba yawan jininki, a ba ki maganin ƙarin jini, a yi miki allurar masu ciki, a fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro tunda kin wuce wata uku. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba. Neman takarda kuma ya ci gaba a gefe, kada ɗaya ya jira ɗaya.

Na yi shekaru ina aikin ungozoma a garin nan kafin in ajiye, kuma abin da na gani da idona shi ne hawan jinin ciki ba ya sallama. Mace tana tuƙa tuwo, tana wanki, ba ta jin komai, alhali jinin yana can sama. Wadda ya taɓa kamawa a wani ciki ta fi kowa haɗarin ya dawo mata. Akwai maganin da likita kan ɗora irinki a kai tun daga kusan mako na 12 don rage wannan haɗari, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara da wuri. Ban ce ki je kemis ki saya ba, likita ne zai duba ki ya yanke. Ina faɗa miki ne don ki ga abin da jira zuwa wata bakwai yake cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, na farko cikin makonni 12 na farko, kuma wannan ga mai lafiya ƙalau ke nan.

Ki gaya wa maigida wani abu da ya faru a garinsa na yanzu. A nan Zariya Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985, har yau likitocin mata suna karanta shi. Babban abin da ya fito fili shi ne matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kwaso su ranga-ranga, su ne suka fi mutuwa, ninkin ba ninkin a kan waɗanda suka yi rajista tun farko. Shekara arba'in da wani abu ke nan, kuma ɗakin haihuwa bai canza hukuncinsa ba.

To, yanzu maganar kati.

Abin da ya wahalar da ke shi ne kin fara neman likita da kanki, alhali tsarin inshorar gwamnati ba ya barin mutum ya isa wurin ƙwararren likita kai tsaye. Ba laifinki ba ne, babu wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani ranar da aka miƙa muku katin. Tsarin da kowa ya sani da NHIS ya fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka ya koma NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Suna ya canza, amma hanyar tana nan yadda take. Hannu uku ne a ciki. Akwai hukumar ita kanta. Akwai kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, shi ke riƙe da sunayenku, shi ke ba da izini, shi ke biyan asibiti. Sai asibitinku na farko, wato wanda maigida ya rubuta a fom ranar rajista. Wannan asibiti ana ba shi wani kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke cikin jerin sunayensa, kun je ko ba ku je ba. Shi ya sa asibitin da sunanki ba ya cikin jerinsa yake kallon katinki kamar katin gayyatar biki.

Naku asibitin yana Kaduna. Can sunanki yake, can kuɗin yake tafiya tun bara, ku kuna Gyellesu.

Takardar da aka ce ki kawo ita ce wasiƙar da likitan asibitinki na farko zai rubuta cewa ya duba ki, matsalarki ta fi ƙarfinsa, ya tura ki wurin likitan mata. Lambar kuwa ita ce lambar izini da HMO ke bayarwa, ma'aikata suna ce mata "kod". Idan babu ita, babban asibiti ya san aikin da ya yi miki ba wanda zai biya shi. Awon mai lafiya aikin asibitin farko ne. Amma mai tarihin jijjiga da tabon aiki, babu likitan kirki da zai yi gardamar tura ta gaba. Ke kam haƙƙinki ne a tura ki, ba alfarma za ki roƙa ba.

Ga yadda nake ganin za ku ɓullo wa abin. Maigida ya duba katin, ko ya tambayi ofishin kula da ma'aikata a wurin aikinsa, ya san sunan HMO ɗinku da lambar wayarsu. Shi ya kamata ya kira, domin da sunansa aka yi rajista. Ya ce musu an yi masa canjin wurin aiki zuwa Zariya, matarsa tana da ciki mai haɗari, yana son abu biyu: a mayar da asibitinku na farko Zariya, sannan kafin canjin ya fito a ba ku hanyar ganin likitan mata a nan. Ƙa'ida ta ba mai rajista damar canza asibiti bayan wata shida, ku kuwa kun wuce haka, ga kuma hujjar canjin gari. Fom ne ake cikewa ta hannun HMO ko ofishin NHIA na jiha da ke Kaduna. Sai dai canjin ba ya fitowa a rana ɗaya, sai sabon jerin sunaye ya iso asibitin da kuka zaɓa, wannan kuwa yana iya ɗaukar makonni. Don haka kada ku naɗe hannu kuna jira. Kaduna tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Idan HMO suka ce lallai sai takardar tsohon asibiti, ku yi sammako ku je ku karɓo, ku dawo kafin la'asar. Ki jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya a wannan tafiyar: ki roƙi asibitin da aka yi miki aiki su rubuta miki taƙaitaccen bayanin aikin, me ya sa aka yi, wane irin yanka aka yi wa mahaifar, an ƙara miki jini ko ba a ƙara ba. Likitan da zai karɓe ki a Zariya zai fi murna da wannan 'yar takardar fiye da katin inshorar, domin da ita zai san ko za a bar ki ki gwada naƙuda ko kuwa a sa ranar aiki.

Game da wurin da za ki dosa, ba zan ba ki sunan likita ɗaya ba, domin irin cikinki wuri yake buƙata fiye da mutum. Ina nufin wurin da ɗakin tiyata yake buɗe dare da rana, akwai mai sa barci a kusa, akwai ma'ajiyar jini, akwai ɗakin jariran da suka zo ba su isa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da duk waɗannan, na tarayya ne, yana cikin tsarin inshorar, yana da sashen masu kati, kuma can ne ƙwararrun likitocin mata suka fi taruwa a yankin nan. Matsalarsa a gare ki nisa ne da cunkoso. Daga Gyellesu sai kin keta Tudun Wada, ki bi Kwangila, ki wuce Samaru, kafin ki ga ƙofar Shika. Da rana ba komai, da ƙarfe biyun dare kuwa lissafi ne da ya kamata a yi shi tun yanzu. A cikin gari akwai Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, na gwamnatin jiha, wanda ya daɗe da sanin matsalolin mata har da gyaran yoyon fitsari. Akwai na Manjo Ibrahim Abdullahi a Sabon Gari. Akwai na mishan a Wusasa. Akwai kuma asibitocin kuɗi da ke cikin tsarin. Wanda ya ce miki ba ya karɓar kati wataƙila bai shiga tsarin ba ne, ko kuma an tantance shi a matakin farko kawai. Wannan bambancin yana da muhimmanci: asibiti yana iya zama mai karɓar kati a ciwon kai da zazzaɓi, amma ba a ba shi izinin aikin likitan mata ba. Saboda haka idan maigida ya kira HMO, tambayar da zai yi ita ce: waɗanne asibitoci ne a Zariya kuka amince da su a ɓangaren haihuwa da tiyatar mata? Su turo masa a rubuce ta waya.

Idan kin shiga asibitin da aka tura ki, kada ki bi layin kowa da kowa. Ki tambayi teburin masu inshora. Kusan kullum wani ɗan ofis ne a lungu, taga ɗaya, ma'aikaci ɗaya ko biyu, kwamfuta da tarin fayil, mata a tsaye kowacce da ledarta ta takardu a hammata. Wannan ma'aikacin shi ke neman miki lamba daga HMO. Da ɗan gari akan ci gari. Ki gaishe shi da mutunci, ki san sunansa, ki tambaye shi wace rana ake buɗe wa sababbin masu awo fayil, domin ba kullum ake yi ba. Ki je da kati, da hoton katin maigida, da katin zama ɗan ƙasa, da takardar tura ki, kowanne ki yi masa kwafi biyu, na asali ya zauna a jakarki. Kuma ki je farkon mako da sassafe. Na taɓa raka 'yar yayata wani asibiti ranar Juma'a bayan sha ɗaya. Aka aika neman lamba, muka zauna a benci, aka tafi masallaci, aka dawo, ma'aikacin yana ta kira ba a ɗauka, ita kuma ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da na ga haka na ciro kuɗi na biya aka duba ta, na riƙe rasit. Lambar ba ta zo ba sai Litinin. Ba na manta yadda ta riƙa kallon tagar nan kamar daga can lafiyarta za ta fito.

Irin wannan jan rai ne ya sa NHIA ta ba da umarni a watan Afrilun 2025 cewa HMO su ba da lambar izini cikin awa ɗaya daga lokacin da asibiti ya nema. Ki riƙe wannan a ranki. Idan an wuce awa, maigida ya kira HMO da kansa, ya faɗi lokacin da aka aika, ya rubuta sunan wanda ya amsa. Idan abin ya ci tura, ofishin NHIA na Kaduna yana karɓar koke, kuma kamfanonin suna jin tsoron a kai ƙararsu can. A halin gaggawa kuwa ba a jiran lamba ko kaɗan. Ana fara ceton rai, a nemi lambar cikin awa 48. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa.

Abin da katin ke ɗauka ya haɗa da awo, gwaje-gwaje, haihuwa, da aikin ciro jariri idan an samu izini, har zuwa haihuwa huɗu. Ke kina ta uku, kina ciki. A magani ana biyan kashi 10 cikin 100. Amma zan yi miki ƙarya idan na ce ba za ku kashe komai ba. Wata rana za a ce maganin babu a kantin asibiti, ku saya a waje. Wata rana na'urar hoton ciki ta lalace. Ku fara ajiye wani abu tun yau, ko asusun gwangwani ne, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit. Bari in sa baki ɗaya saboda sauran masu karatu: rajistar ma'aikaci tana ɗaukar shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Na sha ganin amarya ta zo da katin gida tana naƙuda, sai a taga ta ji cewa sunan uwargida ne kawai a ciki. Mai mata fiye da ɗaya ya je ya ƙara sunan sauran, ana biya a ƙara. Wadda mijinta ma'aikacin jiha ne, ko ɗan kasuwa, ko manomi, tata hanyar ita ce KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2018, kuma can ma ta ƙaramin asibiti ake farawa a tura mutum gaba. Mai ƙaramin ƙarfi ta tambaya a asibitin mazaɓarta ko ana rajistar masu ciki kyauta a ƙarƙashin asusun kula da lafiya a matakin farko. A watan Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin ciro jariri kyauta ga mata marasa galihu a asibitocin da aka zaɓa.

Sai maganar likita mace. Na fahimce ki sarai, ni ma mace ce, kuma babu abin kunya a cikin wannan buri. Akwai ƙwararrun likitoci mata a Zariya, sun fi na zamanin da na fara aiki yawa nesa ba kusa ba. Ki faɗa wa nas ɗin da ke rajista cewa kin fi son mace ta duba ki, sau da yawa ana iya daidaitawa. Idan namiji ne a ɗakin, haƙƙinki ne nas mace ta tsaya tare da ke har a gama. Sai dai ki san yadda babban asibiti yake aiki. Rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da babban likitansa da ranar awonsa. Wani zuwan ƙaramin likita za ki gani, shi zai kai maganarki sama. Ki nemi babban likitan rukunin ya gan ki da kansa ko sau ɗaya da wuri, a zauna a tsara yadda za ki haihu, a rubuta a fayil da katin awonki. Daren da naƙuda ta zo kuwa, wanda ke bakin aiki shi zai karɓe ki, mace ko namiji. Malamanmu sun yi bayani cewa larura tana halatta wannan. Ku yi maganar da maigida tun yanzu cikin natsuwa, kada ta taso a ƙofar ɗakin tiyata ana neman sa hannunsa.

Surukarki kuma, kada ki yi musu da ita. Tara ɗin da ta haifa a ɗaki gaskiya ne, Allah ya kiyaye ta, kuma ba da mugunta take faɗa ba. Ita ba a taɓa yanka mahaifarta ba. Taki an yanka an ɗinke, kuma ɗinkin yana iya buɗewa idan naƙuda ta yi tsanani. Idan hakan ta faru, mintoci ake ƙirgawa. Wannan bayanin daga bakin ɗanta ya kamata ya fito, ba daga naki ba. In da hali ki ɗauke ta ku je awo tare sau ɗaya, ta ji daga bakin likita. Na ga surukai da yawa da suka shigo da fuska a ɗaure, suka koma gida su ne masu tunatar da ranar awo. Haka nan idan akwai shirin tafiya goyon ciki, a duba nisan gidanku da asibitin da fayil ɗinki yake kafin a yanke. Kuma don Allah duk wani jiƙo ko rubutu mai haɗin magani da aka ce yana kawo naƙuda da sauri, ki kauce masa, haka allurar naƙuda a gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya nemi 'yan'uwa ko abokai biyu da za su ba da jini, a san rukunin jininki tun yanzu. Ya samu lambar mai mota ko mai Keke guda biyu a unguwa waɗanda za su ɗauki waya da tsakar dare. Takardunki duka su zauna a leda ɗaya cikin jakar haihuwa, kowa a gidan ya san inda take. Idan akwai hali ku sayi na'urar awon jini ta gida, ko ki riƙa leƙawa kemis mai ma'aikacin lafiya ana gwada ki kina rubutawa. Duk ranar da kika ga 140 bisa 90 ko sama, ranar za ki je asibiti, ba ranar awo ba. Haka idan kika ji ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko ganinki ya dushe, ko kina ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko fuska da hannu suka kumbura, ko jini ya ɓalle, ko faya ta fashe, ko ciwo a kan tabon aikin, ko daga baya kika ji motsin yaro ya ragu. A irin wannan ba a neman HMO, ba a jiran gari ya waye, asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata ake nufa.

Ki nuna wa maigida wannan amsar, ku karanta tare. Gobe ya kira HMO, jibi ke kuma ki je a ɗaura miki abin awon jini. Ki rubuto mini lambar da aka samu a hannunki da abin da kamfanin ya ce, ina jira.